Tambayar da Desley Ta Kasa Yi

Ni da Desley Pascoe tare muka tashi a Korrabin, aji ɗaya tun daga firamare, kuma tare muka buɗe shagon gyaran gashi a babban titi, tsakanin kantin magani da gidan burodi. Sunana Gwenda. Ni na fi ta iya rini, ita ta fi ni iya aski, ta kuma fi ni iya mutane nesa ba kusa ba. Garinmu alkama da tumaki ne arzikinsa. Idan sama ta yi ruwa kowa ya saki fuska, idan ta hana kowa ya tsuke baki. Mace za ta taso daga gona mai nisa cikin a-kori-kura, ta ce gashi ta kawo a rage mata, alhali gashin bai tofo ba. Kujerar Desley take nema.

Gajeriya ce kakkaura, mai dariyar da ake jiyowa daga gidan burodi. Babu wanda ya taɓa tashi daga kujerarta da ɓacin ran da ya zo da shi. Idan mace ta fara hawaye, kafin ɗigo na biyu ya sauko Desley ta ajiye mata shayi da biskit, ta jawo labarin akuyar da ta taɓa shiga coci, sai ka ga mai kuka tana dariya tana sharce hanci. Mu duka muna ganin wannan baiwa ce, ita ma haka take gani.

Mijinta Col manomi ne, dogo, mai shiru-shiru. Lokacin da fari ya yi shekaru bai ɗaga ba, ya sayar da tumakinsa kashi-kashi har da waɗanda ya gada daga mahaifinsa. Wata safiya aka same shi a rumfar ajiye kayan gona, rai ya yi halinsa. Fasto ya ce tsautsayi ne, Desley ta ce tsautsayi ne, gari ma ya amsa da cewa tsautsayi ne. Muka kai mata abinci, muka yi mata wanki, babu wanda ya ƙara kalma a kan haka. 'Yarsu ɗaya, Tegan, ba ta gama firamare ba a lokacin.

Bayan ta sayar da gonar ta dawo cikin gari, sai ta ba kowa mamaki, ta shiga karatun jami'a daga gida. Wai ilimin halayyar ɗan Adam take son karantawa, ta zama cikin masu zama da mutane su warware musu damuwar zuciya. Littattafanta suna jibge a bayan shago tare da tawul, tana jiran rini ya kama a kan wata tana karatu. Matan gari suka sa mata suna Farfesa. "Farfesa, a rage mini gefen nan, amma kada ki leƙa mini cikin kai." Ita ce ke fara dariya. Karatun ya ja shekaru, har Tegan ta girma ta tafi wani gari a bakin teku tana koyarwa. Sai da Desley ta haura hamsin sannan ta gama.

Mu mun zaci shi ke nan. Ashe gama karatu shiga ƙofa ce kawai. Hukuma ba ta sakar wa sabon hannu mutane haka nan. Lasisin wucin gadi take ba shi, ya yi aiki a ƙarƙashin wani gogagge da zai sa masa ido. Kullum cikin ganawa suke, suna bin aikin daki-daki. Dole mai sa idon ya gan shi yana aiki, ko dai ya zauna a ɗakin, ko ya saurari abin da aka naɗa da yardar mai magana. Duk bayan 'yan watanni ya rubuta wa hukuma rahoto, kuma sai ya sa hannu cewa ya gamsu, sabon hannun ya ci jarrabawar hukuma, sannan ake ba da cikakken lasisi.

Desley ta sami aiki a cibiyar lafiya ta garinmu, amma a duk yankin babu wanda ya cancanci sa mata ido. Ta yi ta buga waya har ta dace da wata a birni mai suna Imogen Vella. Ranar da suka fara ganawa ta kwamfuta, ta shigo shago tana girgiza kai.

"Gwenda, yarinya ce. Wallahi akwai tawul a shagon nan da ya girme ta."

"To ai sai ki riƙa rusuna mata."

"Ba ta dariya, ke. Na ba ta labarin akuyar coci, ta dube ni ta ce, to, mu koma kan aikinmu."

Ta bar mini shagon gaba ɗaya. Abin da na fara rasawa ba hannunta ba ne, bakinta ne. Matar da muke kashe yini muna tattauna labarin gari da ita, sai ga shi ta ɗinke baki. Idan na ce na hango motar wane a bayan cibiya, sai ta ce ita ba ta san motar kowa ba. A kanti tana iya wuce mutum kamar ba ta taɓa ganinsa ba, sai idan shi ya fara gaishe ta, don kada a ce daga ina suka saba. Da farko abin ya ɓata mini rai, daga baya na saba.

Mutanenmu ba sa son a naɗi muryarsu. Manomi zai ce, "A ɗauki maganata a kai birni wata ta saurara? Allah ya kiyaye." Amma Desley ce, ta san yadda take lallaɓa mutum, da yawa suka yarda. Imogen kuma takan tuƙo mota sau ɗaya a wata, tafiyar rabin yini, ta zauna a kusurwar ɗaki ba ta cewa uffan. Rahoton farko ya yi kyau. Imogen ta rubuta cewa ba ta taɓa ganin sabon hannun da mutane ke sakin jiki da shi da wuri kamar Desley ba. Desley ta karanta mini wurin har sau biyu, ta ce ashe yarinyar tana da hankali.

Rahoto na biyu ne ya zo da magana. Wata Asabar da rana, ina share gashi zan rufe, ta banko ƙofa ta zauna a kujerar wankin kai, fuskarta ja wur. Ba ta faɗa mini sunan kowa ba, ko mace ce ko namiji ba ta faɗa ba, amma ta ba ni labarin abin da ya gudana tsakaninta da Imogen.

Imogen ta kunna mata guntayen ganawar da ta yi da mutane daban-daban. A kowane guntu akwai wurin da mai magana ya sassauta murya ya faɗi wani abu mai nauyi, irin a ce an gaji da duniya, ko a ce da ma a kwanta kada a farka. Kuma a kowane guntu sai a ji muryar Desley ta shigo da sauri: haba, kada ka ce haka, ka dubi jikokinka, bari in ɗora mana ruwan shayi.

Imogen ta kashe na'urar ta ce, "Me kika ji?"

"Na ji na kwantar wa mutum da hankali."

"Hankalin wa, Desley?"

Desley ta ce mini sai ta ji kamar an mare ta. Imogen ba ta ɗaga murya ba. Ta ce idan mutum ya kawo ki bakin wannan ƙofa, aikinki shi ne ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, da waɗannan kalmomi, ba kewaye-kewaye. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi, amma rashin yin ta yana barin mai tunanin shi kaɗai. Ta ce ba za ta sa hannu a wannan ɓangare ba, za a ƙara mata watanni, kuma daga ranar duk wanda ya faɗi irin wannan magana, dole Desley ta kira ta kafin rana ta faɗi. Daga ƙarshe ta tambaye ta ko ta taɓa rasa wani na kusa.

"Na ce mata mijina, amma tsautsayi ne."

"Sai ta ce me?"

"Ba ta yi musu ba. Cewa ta yi in nemi wanda ni ma zan riƙa zama da shi ina magana. Ni, Gwenda! Shekara nawa na yi ina share wa garin nan hawaye? Ina almakashina? Na bar musu aikinsu."

Na buɗe aljihun tebur na miƙa mata. Ban ce ta yi daidai ba, ban ce ta yi kuskure ba. Na san Desley, idan ka ture ta gabas, yamma take yi. Ta kira cibiya ta ce ba ta da lafiya, ta yi mako guda tana aski a shago kamar da, tana dariya mai ƙarfi fiye da yadda labarin ya cancanta.

Ranar Juma'a, wadda ita ce ranar zuwan Imogen, wata farar mota da ta sha jar ƙasa ta tsaya a ƙofar shago. Wata siririya mai tabarau ta shigo, ta gaishe ni, ta zarce kujerar Desley ta zauna.

"An ce nan ne ake aski mai kyau."

Desley ta tsaya riƙe da mataji. Can ta yafa mata mayafin aski, ta ɗaure shi a wuya da ɗan ƙarfi.

"Kin yi ƙarfin hali, Malama, da kika kawo mini kanki ina riƙe da almakashi."

"Ko ƙwal za ki yi mini, ba zan sa hannu ba."

Dariya ta kusa kuɓuce mini, na juya ina jera kwalaben rini. Desley ta fara aiki.

Imogen ta ce, "Ba roƙonki na zo yi ba. Idan kin bari, kin bari, ke ba yarinya ba ce. Amma akwai mutanen da ke jiranki ranar Litinin. Ki je ki sallame su da bakinki, kada su zo su tarar da ƙofa a rufe."

"Ke ba ki san garin nan ba. A nan ba a faɗin irin wannan magana."

"Gaskiya ne, ban san shi ba. Ke kika san shi. Rashin faɗin ya hana ta faruwa?"

Almakashi ya tsaya. Na hango fuskar Desley ta madubi, na sunkuyar da kai. Ta ci gaba da aski, ta gama, ta goge mata wuya, ta riƙe ƙaramin madubi a bayanta ta nuna mata ƙeya. Aski ne mai kyau ƙwarai, don fushi bai taɓa shiga hannun Desley ba.

Imogen ta miƙe tana kakkaɓe riga. Ta ce, "Da yawa daga cikinmu bakinmu ne ke ƙin furta kalmomin. Ki sami wanda kika yarda da shi, ki yi ta maimaitawa a gabansa har harshenki ya saba. Abin da ya rage kuma, wannan ba aikina ba ne, shi ya sa na ce ki nemi wani." Ta yi mana sallama ta fita.

Da muka rufe da yamma, Desley ta juya kujera ɗaya ta fuskanci ɗaya, ta ce in zauna. Shekarunmu nawa tare a shagon nan, amma kusan kullum ta madubi muke kallon juna. Zaman ido da ido ya yi mini banbaraƙwai.

"Ki ce mini kin gaji da duniya," in ji ta.

"Na gaji da duniya. Ƙafafuna ma sun gaji."

"Gwenda, don Allah."

"To. Na gaji da duniya."

"Kina tunanin... yin wani abu na wauta?"

"Wace wauta kuma? Ai na riga na auri Barry."

Ta jefe ni da tawul. Muka sake. Ta ce kina tunanin cutar da kanki. Ta girgiza kai, ta ce ba haka aka ce ba. Muka sake. Ta kai tsakiyar jimla ta tashi wai za ta duba ko an kashe na'urar busar da gashi. Na ce a kashe take, dawo ki zauna. Ta dawo, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, ta dube ni.

"Gwenda, kina tunanin kashe kanki?"

Na san wasa muke yi, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa jin an faɗi wannan magana a fili a Korrabin ba. Na ce, "A'a, Des. Ba na yi."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce ana gobe mijinta zai rasu, suna zaune a baranda da yamma, Col ya ce mata ita da Tegan za su fi samun sauƙi idan babu shi. Ta ji shi sarai. Ta san abin da yake nufi. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, kada ka yi maganar banza, shayinka zai huce. Ta tashi ta shiga kicin ta bar shi.

"Col kashe kansa ya yi," ta ce.

"Na sani."

"Kowa ya sani?"

"Kowa, ƙawata."

Ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in tashi in ɗora ruwa, na danne shi na zauna. Ban ce mata ba laifinta ba ne, don na san ba za ta ji ba a ranar. Wannan sai daga baya, a bakin wanda ya fi ni sanin yadda ake faɗa.

Ranar Litinin ta koma aiki. Ta kuma sami wani dattijo mai irin aikinsu a wani gari da babu wanda ya san ta, tana zuwa wurinsa duk bayan mako biyu. Ba ta taɓa gaya mini abin da suke tattaunawa ba, sai dai takan dawo a gajiye kamar wadda ta yi noma. Cikin wannan lokaci ne ta tuƙa mota har bakin teku don ta faɗa wa Tegan gaskiya. Ta tafi tana tsoron yarinyar za ta ruɗe. Abin da ta tarar daban ne. Tegan ta ce tun tana 'yar makaranta wani ya gaya mata a motar makaranta, kuma shekara da shekaru tana jiran ranar da uwarta za ta buɗe baki.

"Mama, kin bar ni da shi ni kaɗai. Kowa na yi mini kallon tausayi, ke kina ba ni biskit."

Desley ta dawo jiki a sanyaye. Tegan ta yi watanni ba ta ɗaukar wayarta sai jefi-jefi. Sai a Kirsimeti, wadda a ƙasarmu take faɗowa tsakiyar zafi, ta zo gida ba sanarwa. Suka je kabarin Col tare, suka daɗe a can. Ba zan ce komai ya gyaru a ranar ba, amma daga nan suka fara magana.

A wurin aiki ma ba kowa ya ji daɗin sauyin ba. Wata mata da ta saba da Desley ta da ta zauna a kujerata tana mita, wai ta je neman sauƙi an yi mata tambaya mai ban tsoro, ita ba za ta sake komawa ba. Kuma ba ta koma ba. Desley ta ji labarin, ya dame ta, ta kai wa Imogen. Imogen ta ce su saurari ganawar tare. Suka gano tambayar tana kan hanya, amma ta jefa ta da gaggawa, kamar mai son ta sauke kaya ta huta. Aka sake zama, aka sake koyo. Akwai ranakun da takan fito daga ganawarsu ta ce yarinyar nan sai ta ga bayanta, akwai kuma ranakun da takan ce ba ta san yadda za ta yi ba da babu ita.

Abin da ya faru a ɗakinta da Lindsay Kroehn kuwa ba daga bakinta na ji ba, har gobe ba ta taɓa ambatarsa ba. Shi ya faɗa da kansa. Lindsay manomin alkama ne, ƙato, mai faɗa a ji a kulob ɗin ƙwallo, irin mutanen da ba ka zaton akwai abin da ke damunsu. Bayan girbi kulob ya shirya gashin nama don manoma da iyalansu, aka ce duk mai magana ya yi. Sai ga Lindsay ya miƙe, kwalba a hannu, yana ta murza hularsa.

Ya ce rashin barci ne ya kai shi cibiya, matarsa Raelene ce ta matsa masa. Ranar ya tarar da wata mai tabarau a kusurwa, aka nemi izininsa ta zauna, ya ce ta zauna mana, shi ba abin da zai faɗa. Suna cikin zancen barci, bai san lokacin da ya ce Raelene za ta fi hutawa idan ya kau ba.

"Na ga Desley ta ɗan yunƙura kamar za ta tashi," in ji shi. "Na ce a raina, to, shayi ya zo, na tsira. Sai ta koma ta zauna. Ta dube ni, ni da na san ta tun tana aske mini kai, ta ce, Lindsay, kana tunanin kashe kanka? Jama'a, da wani ne ya tambaye ni a mashaya, da na kai masa naushi. Amma sai na ji bakina ya ce e."

Ya ce ba ta firgita ba, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ci gaba da tambaya a natse, tun yaushe, ya yi nisa ko bai yi ba, wa ya sani. Kafin ya bar ɗakin an kira Raelene, an haɗa shi da likita, bindigoginsa kuma suka koma gidan ƙaninsa a ranar. Ya yi watanni yana zuwa.

"Ban ce na warke sarai ba," ya ce. "Amma ga ni tsaye ina cin naman ku. Idan abokinka ya faɗi irin maganar da na faɗa, kada ka ce masa ya daina wasa. Ka tambaye shi."

Ya zauna. Babu wanda ya tafa. Wani tsoho ya miƙa hannu ya dafa masa kafaɗa, aka ci gaba da juya nama. Na waiga neman Desley, sai na hango ta can wajen tebur tana yanka burodi, kamar ba da ita ake ba. Da na matsa kusa na ce, "Kin ji?" sai ta ce, "Miƙo mini man shanun nan."

Watannin da aka ƙara mata suka cika, Imogen ta sake zama a kusurwa sau da dama, sannan ta sa hannu. Saura jarrabawar hukuma, wadda Desley ta je birni ta rubuta tana rantsuwa ta faɗi, sai ga shi ta ci. Cikakken lasisi ya zo a farkon hunturu. Muka yi ɗan taro a gidana. Tegan ta zo, Imogen ma ta zo da tsohon ciki, tana tafiya da ƙyar. Barry ya matsa wa Desley sai ta yi jawabi. Ta miƙe, ta dubi Imogen ta ce, "Wannan baiwar Allah ta wahalar da ni fiye da naƙudar Tegan. Na gode." Ta zauna. A ranar na fara jin dariyar Imogen.

Yanzu kwana biyu a mako tana zagaya gonaki masu nisa, inda mutane ba za su taɓa yarda a ga motarsu a ƙofar cibiya ba. Takan zauna da su a kicin, ko a inuwar rumfar askin tumaki. Ta rage surutu, wasu ma suna cewa ta yi sanyi. Har yanzu duk wata sai ta kira Imogen sun bi aikinta tare, yanzu kuma ba don jiran sa hannun kowa ba.

Makon jiya ta zo in rage mata gashi. Ta ce masu jiran layi a cibiya sun yi yawa, ita kaɗai ba za ta iya ba, kuma sababbin hannu ba sa zuwa garuruwa irin namu saboda babu mai sa musu ido a kusa. Don haka da zarar ta cika shekarun da hukuma ta gindaya, za ta shiga horon zama mai sa ido.

Na ce, "Ke da gwiwoyin nan naki? Ba za ki huta ba?"

"Zama ake yi, Gwenda, ba gudu ba."

"To Allah ya ji ƙan wanda zai faɗo hannunki."

Ta ce amin, sannan ta ce in kula da gefen hagu, don kullum nakan bar shi ya fi na dama tsawo.